Shin Kwalliya Ta Biya Kuɗin Sabulu? Yadda Ake Auna Sabon Ɗan Wasa

Da zarar an rufe kasuwar cinikin 'yan wasa a Turai a ƙarshen watan Agusta, sai wata kasuwar ta buɗe a gidajen kallon ƙwallo na Jos, daga Unguwar Rogo zuwa Gangare, daga Rikkos har Bukuru, wato kasuwar yanke hukunci. Idan aka ji cewa wata ƙungiya ta ɗauko ɗan wasa a kan fam miliyan 70 ko 80, ba a rasa wanda zai ciro waya ya mayar da kuɗin naira ya karanto wa jama'a biliyoyin da suka fito, kuma daga ranar duk taɓa ƙwallon da yaron zai yi da wannan adadin za a auna shi. In ya buga wasa uku bai ci ba, abokan hamayya su ce an yi asara, magoya bayan ƙungiyarsa su fara cewa an cuce su. In kuwa ya ci biyu a wasan farko, sai a ce an same shi a ɓagas.

Akwai tambayoyi biyu da muke cakuɗawa a cikin wannan muhawara, alhali kowace da wanda ya kamata ya amsa ta. Ta farko ita ce, shin ɗan wasan yana yin aikin da aka ɗauko shi dominsa? Wannan shi da kocinsa ta shafa. Ta biyu ita ce, shin ƙungiyar ta yi ciniki mai kyau? Wannan kuwa shugabannin da suka zauna suka yi tayi suka sa hannu ta shafa, domin ɗan wasa ba ya cikin ɗakin da ake yanka masa farashi, kuma kuɗin ba aljihunsa suke shiga ba, ƙungiyar da ta sayar da shi ce ke karɓa. Ana iya samun ɗan wasa nagari da aka saya da tsada fiye da kima, kamar yadda ake iya samun wanda bai taɓuka abin kirki ba amma ƙungiyar ba ta yi asarar ko sisi a kansa ba.

Farashin ɗan wasa ba daga ƙafarsa kaɗai yake fitowa ba. Duk wanda ya saba shiga kasuwar Farin Gada ya san cewa kwandon tumatirin da ake roƙonka ka ɗauka lokacin da kayan lambu suka cika kasuwa, shi ne wanda kuɗinsa zai ninka idan damina ta kankama kaya suka yi ƙaranci, alhali tumatirin bai ƙara kyau ba. A ƙwallon ƙafa abin da ya fi motsa farashi shi ne yawan shekarun da suka rage a kwantiragi, domin tun bayan hukuncin Bosman na shekarar 1995 duk ɗan wasan da yarjejeniyarsa ta ƙare yana iya tafiya kyauta, don haka ƙungiyar da ɗan wasanta ke da saura shekara ɗaya ba ta da ƙarfin ja, wadda ta ɗaure shi na shekara biyar kuwa sai abin da ta ce. Sai shekarun haihuwa, sai kuma matsuwar mai saye da abin da duniya ta san yana riƙe da shi. Lokacin da PSG ta Faransa ta biya yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar daga Barcelona a watan Agustan 2017, kowace ƙungiya a Turai ta san asusun Barcelona ya cika kuma tana neman madadi ido rufe, shi ya sa cikin makonni kaɗan ta biya Borussia Dortmund yuro miliyan 105 a kan Ousmane Dembele mai shekara 20, sannan a watan Janairun 2018 ta ba Liverpool fiye da haka a kan Philippe Coutinho. Waɗannan alƙaluma halin da Barcelona ta shiga suke nunawa fiye da yadda suke nuna gwanintar mutanen biyu.

Haka ma kwatancen da aka yi ta yi a shekarar 2022 tsakanin Erling Haaland da Darwin Nunez. Manchester City ta biya yuro miliyan 60 a kan Haaland, Liverpool kuma ta biya Benfica yuro miliyan 75 a kan Nunez, da alkawarin ƙarin miliyan 25 na tsarabe-tsarabe. Haaland ya ci ƙwallo 36 a Firimiya a kakarsa ta farko, Nunez ya ci 9, sai aka yi ta cewa ga mai araha ya kunyata mai tsada. Amma Haaland bai taɓa zama mai araha ba. A kwantiraginsa da Dortmund an gindaya adadin da idan aka biya dole a sake shi, don haka ƙungiyar ba ta da damar ƙara ko kwabo, abin da City ta rage a nan kuma ta mayar da wani kaso nasa a albashi da la'adar wakilai.

Wannan ya kai mu ga ɓangaren da ba ya fitowa a kanun labarai. Adadin da ake shelantawa wani yanki ne kawai na abin da ɗan wasa ke ci wa ƙungiya. Akantocin ƙungiyoyi ba sa rubuta kuɗin saye gaba ɗaya a shekarar da aka yi cinikin, rarraba shi suke yi a kan shekarun kwantiragi, sannan su haɗa da albashi. A ɗauki misali: an sayi ɗan wasa fam miliyan 40 a kan kwantiragin shekara 5, ana biyansa fam dubu 80 a mako. A littafin ƙungiya, kuɗin sayensa miliyan 8 ne a kowace shekara, albashinsa kuma ya ɗan haura miliyan 4, jimilla kimanin miliyan 12. Wani kuma an ɗauko shi kyauta bayan ƙarewar kwantiraginsa, amma ana ba shi fam dubu 300 a mako, wanda ya kama miliyan 15.6 a shekara, ban da ladan sa hannu. Na biyun ya fi na farkon tsada, ga shi idan ya gaza da wuya a samu mai ɗaukar nauyin albashinsa, amma a gidan kallo na farkon ne zai sha zagi, na biyun a ce ai ba a kashe komai a kansa ba.

Wannan lissafin ne ya sa Chelsea ta riƙa ba 'yan wasa dogayen kwantiragi, kamar na Enzo Fernandez da ta saya fam miliyan 106.8 a farkon 2023 ta ɗaure shi na shekara takwas da rabi, ta yadda nauyin ya sauko zuwa ƙasa da miliyan 13 a shekara, har sai da hukumar ƙwallon Turai ta taƙaita rarrabawar zuwa shekara 5 a tsakiyar 2023. Ba don sha'awa ake wannan dabara ba. Dokar Firimiya a lokacin ta hana ƙungiya yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma a kakar 2023/24 an ƙwace wa Everton da Nottingham Forest maki saboda karya ta. Ko adadin da aka shelanta ɗin ma ba kullum tsabar kuɗi ba ne, domin a cinikin da ya kai Victor Osimhen Napoli daga Lille a 2020, a kan kimanin yuro miliyan 70, an haɗa da 'yan wasa huɗu da Napoli ta miƙa aka yi musu kuɗi a cikin jimillar.

Mu mutanen Jos muna da misali biyu a gida da suka isa su koya mana taka-tsantsan, kuma abin sha'awa shi ne kusan farashi ɗaya aka yi musu, shekara goma tsakani.

Mikel Obi, haifaffen Jos wanda ya taka leda a Plateau United kafin ya tafi Lyn ta ƙasar Norway, ya koma Chelsea a 2006 bayan doguwar taƙaddama da Manchester United. Chelsea ta biya fam miliyan 16, miliyan 12 ga United, miliyan 4 ga Lyn, a kan yaro ɗan shekara 19. A wannan bazarar ce ƙungiyar ta sayi Andriy Shevchenko a kan kimanin miliyan 30, wanda a lokacin ba a taɓa biyan irinsa a Ingila ba, ke nan kuɗin Mikel ya kai rabin mafi tsadar ciniki a ƙasar. Wanda ya kalli gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta duniya a 2005, inda Mikel ya zo na biyu a bayan Messi a jerin gwanayen gasar, ya zaci za a ga mai raba ƙwallo a gaba, mai cin ƙwallaye. Kocin Chelsea na lokacin, Jose Mourinho, kuwa wani abu ya gani, sai ya mayar da shi gaban masu tsaron baya, gurbin da Claude Makelele ke riƙe da shi. Mikel ya shafe fiye da shekara goma a ƙungiyar, ya buga wasan Firimiya 249, ƙwallo ɗaya tak ya ci a ciki, a ragar Fulham a 2013. Idan da ƙwallaye za a auna shi, babu asarar da ta kai wannan, kuma ba a daina jin masu cewa ba ya komai sai mayar da ƙwallo baya ba har ya bar ƙungiyar. Amma koci bayan koci sun zo sun tafi suna saka shi, ya ɗauki Firimiya a 2010 da 2015, kuma a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a birnin Munich a 2012 ya buga minti 120 cif yana tare hanyar Bayern a gidanta. Idan aka raba miliyan 16 a kan shekara goma, ƙungiyar ta samu mai riƙe mata tsakiya a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Shevchenko kuwa ƙwallo 9 ya ci mata a gasar lig kafin ya tafi.

Ahmed Musa, shi ma ɗan Jos, wanda ya bi ta ƙungiyar JUTH ta Jos da Kano Pillars, inda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Najeriya da guda 18, sannan VVV-Venlo da CSKA Moscow, ya koma Leicester a watan Yulin 2016 a kan kimanin fam miliyan 16, mafi tsadar ciniki a tarihin ƙungiyar a ranar. Sai dai miliyan 16 na 2016 ba ɗaya suke da na 2006 ba. Kuɗin haƙƙin nuna Firimiya a talabijin a cikin Birtaniya sun tashi daga kimanin fam biliyan 3 zuwa sama da biliyan 5 a wannan shekarar, kuma a wannan bazarar United ta biya miliyan 89 a kan Paul Pogba, don haka kuɗin Musa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na mafi tsadar ciniki ba. Tun kafin a fara kaka ya zura wa Barcelona biyu a wasan sada zumunci, masoya suka ce Leicester ta tsinci dami a kala. Makonni kaɗan bayan haka ƙungiyar ta sake karya tarihinta ta sayo Islam Slimani, ga Jamie Vardy da Riyad Mahrez da Shinji Okazaki waɗanda suka ɗauki kofin Firimiya babu mai iya ajiye su cikin sauƙi. Musa ya zama mai shigowa daga benci, yau a gefe gobe a gaba, kuma kocin da ya nemo shi, Claudio Ranieri, an sallame shi a watan Fabrairun 2017. Musa ya tashi da ƙwallo 2 a wasan lig 21, baya ga biyun da ya ci Everton a Kofin FA.

A filin wasa dai zaman bai yi armashi ba, babu amfanin ɓoye wannan don ɗan gida ne. Amma a duba ɓangaren ciniki. Kwantiragin shekara huɗu ya sa wa hannu, ke nan bisa lissafin da aka yi bayani a sama bayan shekara biyu kimanin miliyan 8 ne suka rage a kansa a littafi. Ya koma CSKA aro, ya je gasar cin kofin duniya ta 2018 ya ci Iceland biyu, sai Al-Nassr ta Saudiyya ta saye shi a kan kuɗin da rahotanni suka nuna ya kusa kamo abin da Leicester ta kashe tun farko. Ƙungiyar ba ta samu ƙwallayen da ta nema ba, amma ta fita ba tare da ta ƙone ba, saboda ta sayi ɗan shekara 23 wanda kasuwarsa ba ta mutu ba. Wanda zai yi adalci dole ya faɗi duka biyun.

Sai maganar lokaci, wadda a nan ne muka fi yin gaggawa. A ƙarshen 2012, watanni kaɗan bayan Real Madrid ta ɗauko Luka Modric daga Tottenham, masu karanta jaridar Marca ta Sifaniya sun zaɓe shi a matsayin cinikin da ya fi muni a shekarar. Shi ne ya karɓi kyautar Ballon d'Or a 2018. Osimhen ya ci ƙwallo 10 kacal a lig a kakarsa ta farko a Napoli, bayan ya goce a kafaɗa a wasan Najeriya da Saliyo ya kuma kamu da korona. A ta biyu ya ci 14 duk da karayar ƙashin fuska da ta sa ya fara saka takunkumi. A ta uku ya ci 26, ya fi kowa a Italiya, Napoli ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990. A ɗaya gefen kuma ga Antony, wanda United ta biya Ajax yuro miliyan 95 a kansa a kwanakin ƙarshe na kasuwar 2022, bayan ta buɗe kaka da shan kashi a hannun Brighton da Brentford. Ya ci ƙwallo a kowane ɗaya daga wasanninsa uku na farko a Firimiya, aka yi ta murna, amma ya ƙare kakar da guda 4, ta biyu kuma da guda 1. Wasa uku ba su isa a wanke mutum ba, kamar yadda ba su isa a kama shi da laifi ba.

A ganina, haƙurin da ya dace ya danganta da abin da aka saya. Matashi ɗan shekara 20 ko 22 da ya baro wata ƙasa, bai san harshe ba, bai saba da sanyi da saurin wasan wurin ba, ya cancanci a ba shi kaka guda cikakkiya, a fara yi masa hisabi a tsakiyar ta biyu, domin wani ɓangare na kuɗinsa na abin da zai zama ne nan gaba. Wanda aka saya yana da shekara 28 kuwa don yau aka saye shi, ba shi da wannan uzurin, ƙungiyar ma ba ta da shi. Real Madrid ta biya Chelsea yuro miliyan 100 a kan Eden Hazard a 2019, yana da shekara 28, saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare. Raunin idon sawu da ya samu a wasa da PSG a watan Nuwamban shekarar ba laifin kowa ba ne, kuma shi ya rusa zaman nasa, ya tafi a 2023 da ƙwallo 7 a wasa 76. Amma zuba wannan dukiya a kan mutumin da za a iya samu kyauta bayan wata goma sha biyu, wanda kuma ba za a iya sake sayarwa da daraja ba, shawara ce da shugabanni suka yanke da idonsu biyu.

Ko a cikin alƙaluman wasan ma akwai abin lura. Yawan wasanni yana ruɗi, domin wanda ya shigo a minti na 80 sau ashirin an rubuta masa wasa ashirin, alhali mintunan da ya buga ba su kai na cikakkun wasa uku ba, don haka da mintuna ya kamata a auna. Ƙwallon fenariti ba ɗaya take da wadda aka ci ana tsakiyar wasa ba. Manazarta a yanzu suna duba ingancin damar da ɗan wasa ke samu, ba waɗanda suka shiga raga kaɗai ba, saboda ɗan gaban da ke yawan samun kansa a wurin da ya dace yana ɓarar da wasu ya fi ba da fata a kan wanda ba a ganinsa sam sai ya dace da bugu ɗaya daga nesa. Akwai kuma abin da talabijin ba ya nunawa, tunda kyamara ƙwallo take bi. Wanda ya taɓa zama a saman filin wasa na titin Zariya ya cire idonsa daga ƙwallo ya bi ɗan tsakiya ɗaya na minti goma, zai ga yadda yake waiwaye kafin a ba shi, yadda yake matsawa taku biyar ya toshe hanyar da za a bi, yadda yake nuna wa na bayansa inda zai tsaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga gajerun bidiyon da ake turawa a WhatsApp, kuma mafi yawan aikin irin su Mikel a nan yake.

Duk da haka ban yarda da masu cewa a manta da farashi kwata-kwata ba. Kuɗin ƙungiya suna da iyaka, abin da aka kashe a kan mutum ɗaya an hana shi wani gurbin ne. Liverpool ta karɓi kuɗin Coutinho, a wannan shekarar ta 2018 ta biya fam miliyan 75 a kan Virgil van Dijk, ta kuma kawo mai tsaron raga Alisson daga Roma, duka biyun a farashin da ba a taɓa biya wa masu gurbinsu ba a lokacin. An ce ta yi wauta, amma ta toshe ainihin ramukan da ke hana ta ɗaukar kofi, ta ci Kofin Zakarun Turai a 2019 da Firimiya a 2020. Tsada ba ta zama aibi ba a nan domin an san ciwon kafin a sayi maganin. Magoya baya suna da haƙƙin su fusata idan aka yi akasin haka, sai dai fushin ya nufi daraktan wasanni da masu ƙungiya, waɗanda ya kamata a tambaye su wane gurbi suka sayo mutumin ya cike, kuma me ya sa suka jira har ranar ƙarshe.

A gasarmu ta cikin gida matsalar ta sha bamban, domin a nan farashin ne ma ba a sani ba. Ƙungiya takan gabatar da sababbin 'yan wasa goma ko fiye a farkon kaka, a ɗauki hoto da riga, amma ba kasafai ake faɗin nawa aka biya, ko shekara nawa aka ɗaure su, ko kason da ƙungiyar za ta samu idan an sake sayar da su a waje ba. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin cinikin ƙasa da ƙasa ga ƙungiyoyin da suka raini ɗan wasa tsakanin shekara 12 zuwa 23, kuma gari irin Jos mai yawan makarantun horar da yara yana da rabo a wannan idan takardu sun cika. Plateau United, wadda ta ɗauki kofin lig a 2017, mallakar gwamnatin jiha ce, da kuɗin jama'a take sayen 'yan wasa. Mai goyon bayanta yana iya zuwa fili ya amsa wa kansa tambaya ta farko da idonsa, amma ta biyun ba zai iya ba sai shugabannin ƙungiyar sun buɗe littafi sun faɗi abin da suka biya da tsawon yarjejeniyar da suka ƙulla.